Pak Kuswanto da Ƙwan Fitila Mai Jin Magana

A lungunmu da ke bayan kasuwar kifi ta Surabaya, inda gidaje suka manne da juna har in maƙwabcinka ya yi atishawa kai ne za ka share fuska, akwai wani mutum ana ce da shi Pak Kuswanto. A wurinmu Pak da Cak laƙabin maza ne kamar a ce Malam, Bu na mata, Mbah kuma na tsofaffi. Kayan gyaran babur yake sayarwa, amma sana'arsa ta ainihi cika baki ce. In ka ce ka ga kada a kogi, shi ya taɓa hawa bayanta. In ka ce kanka na ciwo, shi nasa ciwon kan sai da likitoci suka taru suna ɗaukar hotonsa.

To, sai zaɓen mai unguwa ya matso. Mai riƙe da kujerar, Pak Marjuki, tsoho ne mai kiwon kaji, ya daɗe a kai har an manta yadda aka yi ya hau. Aikin bai wuce buga hatimi a takarda, da raba faɗa a kan kwata, da tara mutane sharar lungu ba. Amma Kuswanto ya ƙwallafa rai. Har mafarki yake yi wai ga shi a gaban jama'a da lasifika a hannu, kowa ya yi tsit.

Wata la'asar ya shigo rumfar kofi ta Cak Samsul, ya ja benci, ya dubi ƙwan fitilar da ke reto a sama ya girgiza kai kamar wanda ya zo ta'aziyya.

"Wannan lungu namu," ya ce, "har yanzu a zamanin jahiliyya yake. A ce mutum da girmansa sai ya tashi da ƙafarsa ya je ya kunna wuta!"

Pak Marjuki na gefe yana hura kofi. Ya ce, "To da me za a kunna? Da hanci?"

"Da baki, Pak. Akwai ƙwan fitila mai jin magana. Ka ce masa kunnu, ya kunnu. Ka ce ja, ya yi ja. Kana kasuwa ma ka danna waya ya bi umarni. Na yi odar kwali guda. Ranar zaɓe zan nuna muku gida irin na gobe, in kun zaɓe ni kuma duk lungun nan haka zai koma."

"Ai in da baki ne," in ji tsohon, "kai ba ka taɓa kwana a duhu ba."

Rumfa ta kwashe da dariya. Kuswanto ya yi murmushin wanda ya yafe wa jahilai, ya ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ranar da ɗan aike ya kawo kayan a babur, Kuswanto yana tsaye a bayan ƙofa yana jin sa, amma ya ƙi fitowa. Sai da bawan Allah ya yi ta ƙwala sunansa, ya yi ta matsa oda, har duk tagogin lungu suka cika da kawuna, sannan ya fito yana miƙa, ya karɓi kwalin da hannu biyu kamar an miƙo masa jariri.

Matarsa Bu Sumirah tana yankan albasa ya shigo. Uwarta, Mbah Tukinem, tsohuwa mai nauyin ji, tana zaune kan tabarma tana tsince shinkafa.

"Bu, kawo tebur. Kawo kujera ki ɗora a kai. Yau tarihi zai shigo gidan nan."

"Tarihin ya cire takalmi a waje dai," in ji Sumirah, "yanzu na goge ƙasa."

Ya hau tebur, ya hau kujera, ya ciro murfin gilas, ya kwance tsohon ƙwai ya ƙone yatsa, ya yi rawa a sama har kujera ta yi ƙara. Haka ya bi gidan ɗaki ɗaki: falo, ɗakin kwana, kicin, banɗaki, baranda, ɗakin Mbah, har da lungun da ake shanya, wasu wuraren ma ƙwai bibbiyu. Tsofaffin ƙwayayen ya zuba su a bokiti ya ce a kai gidan tarihi. Sannan ya ɗauko salatif ya manne duk makunnan bango.

"Daga yau," ya ce, "duk wanda ya taɓa makunni ya kashe wa ƙwai hankali. In kuna son wuta, ku faɗa mini, ni in faɗa wa waya, waya ta faɗa wa ƙwai."

"In kana shago fa?"

"Ki kira ni."

"In kira ka a waya, ka gaya wa waya ta gaya wa ƙwan da ke saman kaina?"

"Kin fara ganewa," ya ce da jin daɗi.

Ya rufe labule kada maƙwabta su ga abin mamaki kafin ranarsa. Ya tsaya tsakiyar falo, ya gyara murya, ya ɗaga waya.

"Falo, kunnu!"

Shiru. Ya ƙara ƙarfi. Wata muryar mace ta fito daga wayar ta ce masa gobe za a yi ruwa da yamma.

"Ban tambaye ki ruwa ba! Falo! Kunnu!"

Muryar ta ce ba ta gane ba, ko zai maimaita? Ya maimaita. Ta saka masa kiɗan motsa jiki.

Mbah Tukinem ta ɗago kai. "Kai Kus, yarinyar mutane ce kake wa tsawa haka? Ba ta ruwa ta sha mana."

A ƙarshe dai, bayan gumi ya jiƙa masa riga, wani abu ya faru. Gidan gaba ɗaya ya koma kore shar. Mbah ta dubi hannuwanta, ta dubi ƙafafunta, ta saki faifan shinkafa.

"Wayyo Sumirah, na yi fumfuna! Dama na ce ki riƙa fitar da ni rana!"

Kuswanto kuwa ya buɗe hannuwa cikin koren haske kamar ƙaton kwaɗo, ya ce, "Kun gani? Ci gaba ke nan."

Washegari ya tafi shago da waya a aljihu, kuma duk wanda ya zo sayen ko da kusa ɗaya ce sai ya sha kallo. "Ka ga nan? Kicin ɗina ke nan. Yanzu na mai da shi shuɗi. Yanzu ruwan hoda. Yanzu na kashe." Mai saye ya gyaɗa kai don a ba shi kusarsa ya tafi.

Kicin ɗin nan ba shi da taga. Sumirah tana suyar tempe, wato curin waken suya, sai ta ga ya koma shuɗi, ta kasa gane ya soyu ko bai soyu ba. Ya koma ruwan hoda, ta zuba sukari a yaji a zaton gishiri ne. Wuta ta ɗauke ɗif, ta laluba cokali ta kama bakin kasko. Tana cikin hura yatsa ta ji ihu daga banɗaki. Mbah ce, tana tsakiyar wanka wuri ya yi ja jawur, ta ɗauka hisabi aka fara ba a jira ta sa zane ba.

Sumirah ba mace ce mai yawan magana ba. Ta fito da uwarta, ta shafa wa yatsanta man goge baki, ta ɗauko kujera. Kafin azahar duk tsofaffin ƙwayayen bokiti sun koma mazauninsu, murfin gilas ya rufe musu asiri. Na falo da na ɗakin kwana kaɗai ta bari, don nan ne idon maigida ke sauka.

Sai dai ita ba ta iya zubar da abu mai amfani ba. Ta zuba sababbin a jaka ta shiga lungu. Bu Warsini mai sayar da bakso, wato romo da curin nama, a can ƙarshen lungu dama ƙwan rumfarta ya mutu, ta ba ta biyu. Pak Marjuki yana neman na akurkin kaji, ta ba shi. Cak Samsul ya karɓi ɗaya ya sa a ɗan banɗakin da ke bayan rumfarsa. Sauran ta raba wa masu so. Kowa ta ce masa, "Tsofaffin da muka cire ne, kada dai ku faɗa wa Pak Kus, ya ce a zubar." Aka ɗaura, suka ba da farin haske lafiya lau, aka yi ta sa mata albarka.

A tunaninta, in ƙwai ya bar gida ya bar jin maganar maigida. Ba ta san intanet ɗin gidanta bai san katanga ba, balle a lungun da bango ɗaya ke raba gida uku.

Da yamma Kuswanto ya shiga banɗaki ya ce shuɗi, ƙwai ya tsaya a rawayarsa. Ya leƙo.

"Bu, wannan bai ji ba."

"Ɗazu ya yi shuɗi sosai," ta ce ba ta ko ɗago kai ba. "Da ka tuɓe ne ya ji kunya."

Ya yi tunani kaɗan, ya ga maganar ta yi ma'ana, don a kwalin an rubuta ƙwan yana da hankali.

Daga nan lungu ya shiga uku.

Bu Warsini ce ta fara gani. Bayan magariba rumfa ta cika, ta miƙa wa wani direba kwano, sai romon ya koma ja kamar jinin yanka. Direba ya buɗe baki zai yi magana, curin naman ya koma kore. Ya ajiye kwano a hankali, ya yi salati, ya tafi ya bar takalmi ɗaya. A daidai lokacin Kuswanto na rumfar kofi, can bayan kwana inda ba a hango rumfarta, yana nuna wa mutane yadda yake wasa da kicin ɗinsa.

Na akurki kuwa shi ne ƙwan da aka yi wa suna ɗakin Mbah, kuma Kuswanto ya saita masa abin da ake kira fitowar rana, don surukarsa ta riƙa farkawa irin na masu kuɗi. Amma da yake bai iya saitin ba, rana ta riƙa fitowa a akurki duk sanda ta ga dama. Zakaran Pak Marjuki, wani jan ƙato mai zafin kai, ya rikice. Ya yi cara bayan isha'i, ya yi cara ana cin abinci, da asuba ta gaskiya kuma ya yi barci abinsa. Kaji suka daina ƙwai, suka koma tsayawa a kusurwa suna kallon bango.

Wanda ya fi shan wuya Cak Samsul ne. Wata yamma ya bar rumfa ya zaga baya. Kuswanto na zaune da jama'a, ya ciro waya.

"Bari ku ga yadda nake yi da barandata. Ja. Kashe. Kore. Kashe. Ja, ja, ja."

Sai aka ji ƙofar kwano ta bugu, ga Cak Samsul a guje, hannu ɗaya riƙe da zane, ɗaya riƙe da buta, idanu waje.

"Yana ciki! Wallahi yana ciki! Ya buɗe ido ja, ya rufe, ya buɗe kore!"

Kowa ya miƙe. Wani ya ɓarar da kofi a cinyarsa. Kuswanto kaɗai ya zauna daram, ya ɗora ƙafa kan ƙafa.

"Cak, zauna ka sha ruwa. Wannan duk tsofaffin wayoyin wuta ne da ƙarancin ilimi. Ni da ka gan ni, yanzun nan na gama kashe barandata ina kunnawa. Ka ji matata ta yi ihu?"

"To ka shiga ka duba mana, tunda kai ne mai ilimi."

"Da na shiga," in ji Kuswanto yana gyara zama, "sai dai yanzu na sha kofi, likita ya hana ni tashi da sauri."

Kafin mako ya zagayo zance ya gama lungu. Wasu suka ce aljanin tsohuwar rijiya ne da aka rufe ba a nemi izininsa ba. Wasu suka ce ya biyo kifi daga teku. Aka watsa gishiri a bakin ƙofofi, aka soke barkono da albasa a tsinke aka kafa, turare ya turnuƙe ko'ina har sauro ya yi hijira. Ciniki ya tsaya wa Bu Warsini, ta tare Pak Marjuki a hanya da ludayi a hannu.

"Kai ne mai unguwa ko ba kai ba ne? Aljani yana canza mini launin miya, kana tsaye!"

"Bu, ni hatimi gare ni. In ya zo da takarda zan buga masa ya tashi."

"Kajinka ma sun fi ƙarfinka!"

Abin nema ya samu. Kuswanto ya shiga gida gida yana cewa aljani duhu yake so da tsohon shugabanci, shi kuwa da zarar ya kunna gidansa ranar zaɓe, duk wani mai ƙaho sai ya tattara ya bar unguwa. Mutanen da tsoro ya hana barci suka fara gyaɗa masa kai. Har Cak Samsul, wanda yanzu sai ya je masallacin wata unguwa in zai zaga, ya ce ƙuri'arsa ta Pak Kus ce.

Sumirah kuwa tun ranar da ta ji labarin jan romo ta gane komai. Ta toshe baki da gyale ta yi dariya har hawaye, sannan dariyar ta koma fargaba. Ranar zaɓe da rana, yana gaban madubi yana shafa mai a gashi, ta tsaya a bayansa.

"Pak, akwai wata magana."

"Bayan zaɓe."

"A kan ƙwayayen nan ce."

"Na sani, kina so ki gode. Bayan zaɓe, Bu. Matar mai unguwa ba ta gaggawa."

"Ka dai rage danna wayar nan yau."

Ya juyo ya dafa kafaɗarta cikin tausayi. "Tsoron ci gaba ne. Zai wuce."

Ta dube shi, ta dubi man da ke gangarowa ta bayan kunnensa, ta ce, "Allah ya ba da sa'a," ta koma kicin.

Bayan magariba aka shimfiɗa tabarmi a lungu, daidai ƙofar gidan Kuswanto. Maza a gaba, mata a baya, an jera kofuna da soyayyar ayaba. Pak Marjuki ya yi jawabinsa a taƙaice: ya ce kwata na nan inda take, shi ma yana nan. Aka tafa masa kaɗan don girman furfura.

Kuswanto ya hau benci cikin sabuwar riga mai zane, lasifika a hagu, waya a dama. Ya yi magana a kan gobe, da jibi, da ƙasashen da ko shara ma da murya ake yi. Ya yi ta yi har ayaba ta huce. Sannan ya juya wa jama'a baya, ya fuskanci gidansa, ya ɗaga waya sama.

"Ku buɗe ido, jama'a. Wanda ya ƙifta ya yi asara. Duka fitilu! Yanayin biki!"

Yau dai yarinyar cikin waya ta ji da kyau.

Gidan Kuswanto bai ko motsa ba. Baranda na nan da 'yar rawayar wutarta ta kullum, ƙwari na zagaya ta. Na falo da na ɗakin kwana ma shiru, don Mbah Tukinem ta gaji, ta ɓare salatif ta kashe su tun la'asar.

Amma bayan jama'a, lungu ya kama da wuta. Rumfar Bu Warsini ta yi ja, ta yi shuɗi, ta yi kore. Akurkin Pak Marjuki ya shiga walƙiya kamar gidan rawa. Banɗakin Cak Samsul ya riƙa ƙifta ido ta ramukan kwano. Tagar tela, barandar mai wanki, har ɗakin wata amarya, duk suka ɗauka lokaci guda.

Wata mata ce ta fara waiwayawa. Ta ƙwalla ƙara. Shi kuwa yanayin biki, yadda aka yi shi, sauti yake bi: duk abin da waya ta ji, fitilu su taka rawarsa. Da ihu ya tashi sai suka ƙara sauri. Da suka ƙara sauri sai ihu ya ƙaru.

"Sun zo da yawa! Ya gayyato danginsa!"

Cak Samsul ya yi tsalle ya faɗa cikin kwandon ayaba. Tela ya nemi hawa sandar wuta, zanensa ya maƙale a ƙusa, ya hau ya bar shi a nan. Wani ya fara kiran salla ba lokaci ba. Kaji suka ɓalle ƙofar akurki suka fito kamar an harbo su, suna bi ta kan mutane, gashi na tashi cikin ja da kore. Bu Warsini ta ruga ceton tukunyarta, ta yi karo da mai wanki, romo ya malale lungu, curin nama ya bazu yana gangarawa, duk wanda ya taka sai ƙasa.

Kuswanto yana kan benci, bayansa ga jama'a, ya ji hayaniya ya ɗauka tafi ne.

"Ku kwantar da hankali! Wannan somin taɓi ne!" Ya dubi gidansa, ya girgiza waya. "Ɗan jinkiri ne na intanet. Ƙara haske! Ƙara sauri!"

Wata kaza ta sauka a kansa, santsin mai ya kwashe ta, ta kafa farce a kunnensa don kada ta faɗi. Ya juyo a firgice, ya ga lungu na ci da launi, ya ga mutane a ƙasa, ya saki wata ƙara da ta fi ta kowa, kuma ta lasifika.

"Aljanu! Wayyo Allah! A kashe! A kashe duka!"

Ɗif. Ko'ina ya mutu.

Aka yi tsit, sai nishi da kukan kaji. A cikin shirun nan aka ji muryar Pak Marjuki, wanda tun farko bai tashi daga inda yake ba saboda ciwon gwiwa.

"Kus. Ce a kunna."

"Pak, ba lokacin wasa ba ne, mu yi addu'a..."

"Ce a kunna, na ce."

Kuswanto ya ɗaga waya. "A kunna," ya ce da 'yar murya.

Rumfa, akurki, banɗaki, taga, duk suka haska.

"Ce a kashe."

"A kashe."

Ɗif.

"Ce kore."

"Pak, don Allah..."

"Kore!" jama'a suka ce baki ɗaya.

Ya ce kore. Lungu ya yi kore, fuskokin da ke kallonsa ma suka yi kore, kuma ba ɗaya mai murmushi.

"To jama'a," in ji Pak Marjuki yana kakkaɓe gashin kaza daga hularsa, "ga aljaninku nan a kan benci. Ba ƙaho, sai man gashi."

Cak Samsul ya fito daga kwando da ayaba manne a goshi. "Kai ne? Kai ne ka kore ni daga banɗakina da buta a hannu, sannan ka ce mini ƙarancin ilimi?"

"Cak, kimiyya ce, tana da zurfi..."

"Miyata fa?" Bu Warsini ta ɗaga ludayi. "Mako guda ina cin baksona ni kaɗai, safe da yamma! Gishirin da na watsa a ƙofa ya isa a jiƙa teku!"

"Maƙiya ne!" Kuswanto ya yi ihu yana ja da baya a kan benci. "An yi mini kutse! Ƙwayayena suna cikin gidana, na ɗaura su da hannuna!"

"Ni na kwance su da nawa."

Sumirah ce, tsaye a bakin ƙofa da tire a hannu. Ta faɗi komai ba ta rage ba: tempe mai shuɗi, sukari a yaji, uwarta da ta ga hisabi a banɗaki, da jakar da ta zaga da ita. Ta ce a yafe mata ƙaryar tsofaffin ƙwai, ita dai so ta yi ta ga abin da take soyawa.

Sai Bu Warsini ta fara dariya, irin wadda ke fitowa daga ciki, har ta zauna a cikin romonta. Dariya ta kama lungu kamar gobara.

"Jama'a," ta ce tana share hawaye, "me muke nema? Matar da ta zauna da wannan mutumin shekara da shekaru ba ta haukace ba, raba faɗan kwata wasan yara ne a wurinta. Ni Bu Sumirah na zaɓa!"

"Ban tsaya takara ba," in ji Sumirah.

"Ni ma ban taɓa tsayawa ba," in ji Pak Marjuki, "fita na yi sayen dusa na dawo na tarar an zaɓe ni. Masu son Bu Sumirah, hannu sama." Nasa ne ya fara tashi, da saurin da ba a san gwiwarsa za ta yarda ba.

Hannuwa suka tashi kamar dawa a gona. Tela ma ya ɗaga ɗaya daga kan sanda, ya kusa faɗowa.

"Masu son Pak Kuswanto fa?"

Hannu ɗaya ya tashi daga taga. Mbah Tukinem ce. Kuswanto ya dafe ƙirji, idonsa ya kawo ruwa.

"Mbah! Ashe ke kin san darajata!"

"Tambaya zan yi," in ji tsohuwa. "Ayabar nan rabawa za a yi, ko sai kaji sun gama?"

Kuswanto ya sauko daga benci, ya gyara riga, ya cire gashin kaza daga bakinsa. Ya ɗaga lasifika karo na ƙarshe.

"Ku dai shaida, gidana ne ya ci zaɓe."

"Gidanka ya ci," in ji sabuwar mai unguwa. "Kai kuma ɗauko tsani. Ka fara da akurki."

Ya ɗauko. Jama'a suka bi shi a baya har ƙofar akurki, suka tsaya. Ya ce kowa ya ja baya, shi tun yana yaro ake kiransa in zakara ya gagara. Ya sunkuya ya shiga, ya jingina tsani, ya kwance ƙwai, ciki ya yi duhu. Kaji duk sun fita, amma jan zakaran nan bai fita ba. Yana kan sanda, mako guda bai yi barcin kirki ba, yana jiran wanda zai tambaya.

Aka ji fuka-fuki. Aka ji tsani ya tafi. Aka ji kwanon dusa ya kife, wani abu mai nauyi ya bi bayansa. Sannan muryar Kuswanto ta fito daga duhu, tana rawa amma ba ta rusuna ba.

"Kada kowa ya shigo! An riƙe shi! An riƙe shi gam!"

Pak Marjuki ya haska tocila ta ƙofa, ya leƙa, ya daɗe yana kallo. Ya juyo ga jama'a yana gyaɗa kai.

"Yau dai gaskiya ya faɗa, an riƙe shi. Zakara ne ya riƙe shi, a hanci."